Ƙarfen da Na Hana a Yanke

Anka,
Lahadi, 12 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Yaya Habsu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Mardiyya da Junaidu da sauran mutanen gida. Yaya Gummi, yaya ruwa? Mu nan lafiya muke. Inna tana gaishe ki, ta ce a gaya maki ciwon gwiwar ya yi sauƙi, ko da yake ni ina ganin yadda take tashi daga tabarma.

Yau kwana tara ke nan da aka katse layukan waya, shi ya sa na koma wa biro da takarda. Saƙonki ya iso ta bakin direban da ya kawo mana shinkafa. Kin ce ba ki yarda mijinki ya hau motar soja ba sai in ni na duba ta da idona na ce ta yi. Na ji, kuma na ɗauka. Ga abin da ake ciki, ba ragi ba ƙari.

Kawu Makau ya sayo motoci uku a gwanjon da aka yi a Kaduna. A-kori-kura ne masu ƙofa huɗu, waɗanda sojoji suka gama da su. Takardunsu cikakku ne. Na karanta su sau biyu, na gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rubuce, duk sun yi daidai. Biyu daga cikinsu sun mutu, kayan gyara kawai za mu ciro daga jikinsu. Ta ukun ce za ta yi aiki, kuma ita mijin naki, Yaya Hayatu, zai tuƙa. Nufin Kawu shi ne ta riƙa kwaso hatsi daga ƙauyukan da manyan motoci suka daina shiga saboda 'yan bindiga, kuma da gonarmu ta Tungar Marke za a fara.

Ba zan ɓoye maki yadda na same ta ba. Na ƙirga ramukan harsashi ashirin da uku a jikinta, goma sha huɗu a gefen direba. Gilashin baya babu shi. Da muka ɗaga kujerar baya, ni da Sambo mai walda, muka tarar jini ya bushe a ƙasa, ya yi kauri har sai da muka kankare shi da ƙaramin cebur. A ramin da ake ajiye jak na tsinci kwanson harsashi arba'in da ɗaya, da rabin carbi, da wani guntun ƙashi mai faɗin farcen babban yatsa. Sambo ya ce na kai ne, ya sani don ya taɓa wanke gawa irin wannan. Muka naɗe shi a ƙyalle, muka binne a bayan gareji, muka yi wa mai shi addu'a. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Mun wanke cikin motar sau uku da omo da kananzir, amma in rana ta yi zafi aka rufe ƙofofi, har yanzu ana jin ƙarni.

Inji lafiyarsa ƙalau. Birki na canza gaba da baya, na sa sabbin tayoyi huɗu. Mun cire jiniya da eriya da bencinan ƙarfe na baya. Mun kuma zare faifan ƙarfen da sojoji suka cusa a cikin ƙofofi. Kowane ɗaya kilo talatin da takwas ne, na auna a sikelin masu hatsi, kuma nauyinsu ya riga ya sa ƙofofin sun sunkuya. Saura abu biyu: fenti, da wata sandar ƙarfe da ke tsaye a cikin bodi, wadda a kanta ake girka babbar bindiga.

A kan fenti muke rigima da Kawu. Shi yana so a bar ta da koren nan na soja. Ya ce da shi ba wanda zai tsayar da ita a shinge, kuma ƙananan ɓarayi in sun hango ta za su watse. Na ce masa doka ba ta yarda ba, kuma waɗanda ba ƙanana ba in sun hango ta ba watsewa za su yi ba. Ya dube ni ya ce, “Kai Injiniya, mi kake hwaɗi? Wata huɗu da gama makaranta za ka koya mani hanya?” Ni dai na ɓoye makullin motar a aljihuna, kuma yana nan har sai an yi fenti.

Yaya Hayatu yana lafiya, har ya fara ƙiba da tuwon Inna. Kullum sai ya zo gareji ya zauna a kan taya yana tsokanata. Jiya ya ce, “Ƙanin mata, in ka gama auna motar da tef ɗinka, zo ka auna mani wuya, ina son sabuwar riga.” Ya ce in gaya maki ya ji saƙon, kuma shi ma tsoronki yake ji fiye da tsoron hanya.

Ki gaishe da yara. Ki ce wa Mardiyya ban manta da littafinta ba.

Ƙaninki,
Zayyad.


Anka,
Lahadi, 26 ga Satumba, 2021.

Yaya Habsu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Na ji an ce Junaidu ya yi zazzaɓi, Allah ya sa ya warware. Inna ta aiko da daddawa da kuɓewa busasshiya a cikin ledar da ke tare da takardar nan.

Rigimar fenti ta ƙare, amma ba don hujjata ba. Ranar Litinin da ta wuce aka yi wa wata a-kori-kura kwanton ɓauna a hanyar Bagega. Ta wani mai sayen zinare ce, ba ta soja ba, amma kore ce. Ina tsaye a bakin gareji da hantsi aka wuce da gawarwakin a buɗaɗɗiyar mota. Mutum bakwai ne. An rufe su da tabarmi biyu da ba su isa ba, ƙafafu a waje, jini yana ɗiga ta ƙasan ƙofar baya yana bin titi. Biyu sun ƙone har ba a gane su. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauko su ya ce direban ya fito da hannuwansa a sama yana rantsuwa shi ba soja ba ne, suka harbe shi a baki. Kawu yana kusa da ni, ya ga komai. Da azahar sai ga shi da galan huɗu na fenti.

Ruwan ɗorawa na zaɓa, don ba wata hukuma da ke amfani da shi. Sambo ya toshe ramukan duka ashirin da uku, muka goge, muka yi shafi uku. A ƙofofin gaba an rubuta KAYAN GONA da baƙi, tsawon kowane harafi taƙi ɗaya. Yaya Hayatu ya zagaya ta sau biyu ya ce yanzu in ya shiga kasuwa mata za su ɗauka manja yake sayarwa.

Saura maganar sandar nan ta cikin bodi. A kanta muka saɓa da Sambo, kuma ina so ki ji dalilina. Shi cewa ya yi a yanke ta, aikin minti goma ne. Ya ce mutumin daji ba ya karanta rubutun ƙofa, siffa yake dubawa. Ni kuma na zauna na yi lissafi. Tsayinta mita ɗaya da santimita ashirin, an yi mata walda har cikin shasi, da ƙafafu biyu na tokari. In aka lafta buhu goma sha biyu a baya, direba ya taka birki da ƙarfi a gangara, duk nauyin nan gaba zai zo ya daki bayan ɗakin direba, inda mutane suke zaune. In sandar tana nan, sai a ɗaure buhunan a jikinta, ba inda za su motsa. Na yi lissafin sau uku, amsa ɗaya nake samu: motar ta fi aminci ga mai tuƙa ta in an bar sandar. Na cire kan da bindiga ke zama a kai, na shafa wa sauran fenti iri ɗaya da motar. Yanzu ba ta fi turken akuya ban tsoro ba. Sambo ya ajiye injin yankan ƙarfensa ya ce, “To, Malam, kai ka yi boko.” Kawu kuma tun ranar Litinin ba ya musu da ni a kan komai.

Jiya muka gwada ta da buhunan yashi. Yaya Hayatu ya taka birki da gangan sau biyar, ko buhu ɗaya bai gusa ba.

Jibi Talata za mu Tungar Marke. Mai gari ya aiko cewa sun yi sulhu da mutanen dajin da ke kusa da su. Sun yarda a yi girbi a fitar da hatsi har kwana bakwai, sharaɗinsu ɗaya ne: kada a kawo masu soja. An sanar da su cewa motar hatsi za ta shigo. Geronmu yana nan a ɗaure, ƙannen Baba sun yanke mana. Za mu tafi da Manu mai gyaran famfo, don famfon tuƙa-tuƙan garin ya lalace wata biyu ke nan, mata suna zuwa rafi inda ake tare su. Ni ma zan bi su, ina so in ji yadda motar take a kan burji da kaya.

Kin ce ba zai hau ba sai na ce ta yi. Yaya, na duba duk abin da na san ana dubawa. Ta yi.

A yi mana addu'a. Ki gaishe da kowa.

Naki,
Zayyad.


Babban asibiti, Anka,
Talata, 28 ga Satumba, 2021, bayan la'asar.

Yaya Habsu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da yara. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, amma ki fara da wannan: Yaya Hayatu yana da rai, yana numfashi, ya yi magana da ni ɗazu. An harbe shi. Ki taho a motar farko da za ta fito daga Gummi. Ki bar yara wajen maƙwabta.

Zan gaya maki yadda abin ya faru a jere, don kada ki ji shi guntu-guntu a bakin mutane.

Mun taru a gareji bayan sallar asuba. Manu ya zo da bututun famfo biyu, kowane tsawonsa mita uku, bodin motar kuma mita ɗaya da rabi ne. Ba su shiga ba. Sai na haɗa su, na ɗora a kan sandar, na ɗaure da igiya, kawunansu suka wuce ta saman rufin zuwa gaba. Na naɗe su da baƙin tamfol don kada su karce sabon fenti. Muka tashi bakwai saura kwata. Yaya Hayatu a sitiyari, ni a gefensa, Manu a bayana da akwatin kayan aikinsa a cinya.

A kan kwalta ba mu ga komai ba. A shinge biyu aka duba takardunmu aka ce mu wuce. Muka sauka burjin Tungar Marke. Kin san gangaren nan da ake bi kafin mashigin rafi, inda itatuwa suka yi duhu ta gefe biyu. Mun hau kan tudun ƙarfe bakwai da minti arba'in, na duba agogo don ina rubuta lokacin kowane zango. Manu yana ba mu labarin wata rijiya da ya taɓa faɗawa. Sai na ga Yaya Hayatu ya ɗaga ƙafa daga totur, ya ce “Innalillahi” a hankali, tun kafin a yi harbin farko.

Daga nan gilashin gaba ya tarwatse a fuskokinmu. Ban ji ƙara kamar yadda nake zato ba, ji na yi kamar ana dukan motar da guduma ta ko'ina. Yaya Hayatu ya damƙi ƙeyata ya danna kaina ƙasa har goshina ya bugi giya. Wani abu mai ɗumi ya zubo mani a wuya da baya. Na ɗauka nawa ne. Na Manu ne. Harsashi ya same shi a ƙarƙashin ido ya fita ta baya. Akwatin kayansa kawai na ji ya zube.

Yaya Hayatu ya sa giyar baya, ya ja mu kamar taku hamsin, sannan ya karya sitiyari ya faɗa cikin wata gonar dawa don ya juya. A wannan juyin ne gefensa ya fuskance su. Harsashi biyu suka shigo ta ƙofarsa, ƙofar da muka zare wa faifan ƙarfe. Ɗaya ya same shi a cinya, ɗaya a kwiɓi, ƙasan haƙarƙari. Na ji ya yi wani nishi, amma bai saki sitiyari ba. Muka fito daga gonar da karan dawa a kan bonet, muka kama hanyar da muka zo.

Suka biyo mu a babura. Na ɗago na leƙa ta madubi na ƙirga biyar, kowane da mutum biyu ko uku. Ɗaya ya matso ta gefena har ina ganin fuskar na bayan, ya naɗe kansa da jan ƙyalle, yana ƙoƙarin daidaita bindiga da hannu ɗaya. Yaya Hayatu ya ce in riƙe, ya kaɗa motar dama. Ta bugi babur ɗin. Mai tuƙin ya yi sama ya faɗa cikin kwari, mai jan ƙyallen ya shiga ƙarƙashinmu. Na ji tayar baya ta hau shi ta sauka, da wata ƙara kamar an taka ƙwarya. Sauran suka tsaya a kansa, suna harbi daga nesa. A nan tayarmu ta gaba ta dama ta fashe.

Ya tuƙa kilomita shida da ɗigo huɗu a haka, har muka hau kwalta. Sannan ya tsaya a tsakiyar titi ya ce, “Ƙanin mata, zagayo.” Da na buɗe ƙofarsa jini ya zubo a kan takalmana. Kujerar ta cika, har ya taru a wajen feda. Na yage rigata na ɗaure cinyar, na cusa hularsa a ramin kwiɓin na ce ya danna. Na ja shi zuwa kujerata. Manu yana kwance a baya, idonsa ɗaya a buɗe. Na rufe masa fuska da tsumman goge inji, shi kaɗai na samu.

Kin sani ban taɓa tuƙa mota a kan titi ba, iyakata in juya ta a cikin gareji. Sau biyu ta mutu a hannuna, ƙafata tana zamewa a kan jini. Yaya Hayatu ya jingina kai da ƙofa, leɓɓansa sun yi fari, ya ce, “Saki kuloci a hankali. Kada ka ji tsoronta, ba Habsu ba ce.” Ta tashi. Kilomita talatin da ɗaya na yi a giya ta biyu da ta uku, tayar ta tsinke ta bar ƙarfe yana cin kwalta yana tartsatsi. Duk hanya ina kiran sunansa yana amsawa. Daga shinge na biyu ya daina amsawa. Jami'an wurin da suka leƙo suka ga cikin motar, ɗayansu ya hau babur ya shiga gabanmu yana buɗe mana hanya har ƙofar asibiti. Mun iso tara da minti ashirin da biyar.

Likita ya ciro harsashin cinya. Na kwiɓin yana ciki, ya ce ya taɓa hanji, sun ɗinke abin da za su iya. An ƙara masa jini leda uku: tawa, ta Sambo, da ta wani bawan Allah da ban sani ba. An yi jana'izar Manu da azahar. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Ni ba abin da ya same ni sai yankan gilashi a fuska. Inna tana nan a bakin ɗakin, ta ƙi tafiya gida. Ban san abin da ya sa suka karya sulhun ba. An gaya masu motar hatsi za ta zo, kuma motar hatsi ce ta zo.

Ki taho, Yaya.

Zayyad.


Anka,
Lahadi, 10 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Yaya Habsu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Yaya haƙuri, yaya takaba? Ina fatan kun isa Gummi lafiya, kuma Mardiyya ta fara cin abinci. Allah ya jiƙan Yaya Hayatu, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Inna tana gaishe ku.

Ranar Juma'ar da ya rasu, bayan an dawo daga maƙabarta, kin kira ni cikin ɗakin Inna. Kin ce kin gode da na dawo maki da shi da rai har kika same shi kwana ɗaya da wuni, kika ji muryarsa. Kin ce da ba don ni ba da a daji zai ƙare. Na sunkuyar da kai na fita, kika ɗauka kuka ne ya hana ni magana. Ba kuka ba ne. Akwai abin da na sani tun kafin ki iso, na kasa faɗa.

Ranar Laraba, kafin ki zo, ya farfaɗo da hantsi, ni kaɗai ne a wajensa. Na tambaye shi abin da ya sa ya yi salati tun ba a fara harbi ba. Ya ce da muka hau tudun, rana tana bayanmu, inuwar motar ta miƙe a kan hanya a gabansa. Ya ce, “Na ga inuwarmu da bindiga a kai, ƙanin mata.” Sannan ya kama hannuna ya ce kada in gaya maki, kada in gaya wa kowa, shi ma ya ga ina ɗaure bututun bai ce komai ba.

Ban yarda ba sai da na gwada. Ranar Lahadin da ta wuce na sa aka turo motar filin da ke gabas da gareji. Bututun suna nan yadda na ɗaure su, igiyar ko sassautawa ba ta yi ba. Ƙarfe bakwai da minti arba'in na yi taku ɗari uku zuwa yamma, na kwanta a ƙasa na duba. Yaya, ba a ganin ruwan ɗorawa. Ba a ganin rubutu. Rana tana cikin ido, abin da ake gani kawai baƙar mota mai ƙofa huɗu, da sanda a baya, da dogon baki a kanta yana kallon mutum. Ni da na ɗaure shi da hannuna sai da gabana ya faɗi. Anka tana gabas, Tungar Marke tana yamma, kuma ni na sa lokacin tashi. Wannan lissafi ne da ɗan firamare zai iya, ban yi shi ba.

Ranar Talata ƙanen mai gari ya iso Anka a ƙasa. Ya ce a ranar da aka harbe mu, da azahar, mutanen dajin suka shiga garin suna cewa an kawo masu soja da babbar bindiga, an kuma kashe masu mutum. Mai gari ya rantse masu da Alƙur'ani motar hatsi ce. Suka yanka shi a ƙofar masallaci a gaban 'ya'yansa. Suka harbe mutum uku da suka yi gudu, suka cinna wa rumbuna wuta, da geronmu da na kowa. Yanzu ba kowa a Tungar Marke.

Na gaya wa Kawu da Sambo abin da na gani. Kawu ya ce ƙaddara ce, in rufe bakina, faɗar ba za ta tayar da kowa ba, sai dai ta raba ni da 'yar'uwata. Sambo bai ce ai ya faɗa ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi. Na san kwana ya ƙare ne, kuma waɗanda suka yi harbin su za su amsa a gaban Allah. Amma ke ba ƙaddara kika tambaya ba. Ni kika tambaya ko motar ta yi, na ce ta yi. An ce a yanke sandar, ni na hana. Ni na ɗora bututun a kanta, ni na lulluɓe su da baƙin tamfol, saboda ina tsoron fenti ya karce.

Na saɓa wa Yaya Hayatu da na rubuta wannan, Allah ya yafe mani. Na yi kwana tara ina ɗauke da godiyarki, ba zan iya ƙara ko ɗaya ba. Watarana Junaidu zai tambaye ki yadda ubansa ya mutu, kuma ba na so ki ba shi labarin da ni ne gwarzo a cikinsa. Gwarzon shi ne wanda ya danna kaina ƙasa ya bar nasa a sama.

Ban rubuto don in nemi gafara a takarda ba. Ranar Juma'a zan zo Gummi a motar safe, in Allah ya kai mu. Zan tsaya a zaure in yi sallama. In kin aiko a ce in shigo, zan shigo in maimaita maki duk wannan da bakina, ki faɗa mani abin da kike so. In ba ki aiko ba, zan zauna har la'asar in koma, kuma Juma'a mai zuwa zan sake dawowa.

Ki gaishe da yara.

Ƙaninki,
Zayyad.